Famfon da Gervaise ta saya

Rosaire ya rasu ana gab da fara tatsar itatuwa. Ya bar wa matarsa Gervaise dajin itatuwan mafal masu ruwa mai zaƙi da ke bayan gida, da bukkar da suke dafa ruwan itacen har ya zama maɗi, da tiyo shuɗi da ya ɗaɗɗaura daga wannan itace zuwa wancan. Shekara da shekaru da bokiti suke aiki. Da gwiwoyinsa suka gaji sai ya ce bana tiyo za a sa, famfo ya riƙa jawo ruwan zuwa tanki, don dajin nasu a shimfiɗe yake, ba gangara. Famfon ne bai kai ga saya ba.

'Yarsu Josée ta zo daga birni ta huhhuda itatuwan, ta soka bakunan tiyo a ciki. Da za ta koma ta tsaya a bakin mota ta ce, "Mama, in ruwan nan bai gudana bana ba, ki bar wa maƙwabcinki Bolduc dajin, ki dawo wurina. Ba faɗa nake ba."

"Na ji," in ji Gervaise.

Rana ta fara ɗumi, dare na daskarewa, itatuwa suka kawo ruwa. Sai ruwan ya tsaya cak a cikin tiyo. In ya daɗe a haka tsami zai yi, hudar kuma warkewa take, ba ta jiran kowa. Gervaise ta tuƙa tsohuwar motar Rosaire ta tafi shagon Armand, wanda suka yi aji ɗaya tun suna yara.

"A'a, Gervaise! Ke ce da kanki? Zauna, kin yi zuru-zuru."

"Kai ma ba kyau ka ƙara ba. Famfo nake so."

Ya kai ta can cikin shagon. Akwai wani babba, ja, mai injin fetur. Kusa da shi wani ɗan ƙarami kamar burodi, mai aiki da batir.

"Babban nan zai ja miki dajin duka," in ji Armand. "Shi marigayi yake so. Yakan zo ya shafa shi ya tafi, har na ce masa ko ya aura ko ya bar wa wani."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannu a kan jan ƙarfen, sanyi ƙalau.

"Shi zan saya."

"To. Amma ja igiyar tayar da injin tukuna in gani. Kullum da safe sai an ja."

Ta cire safar hannu, ta taka gindin injin, ta ja. Ya yi tari ya yi shiru. Ta sake ja. A na gaba kafaɗarta ta amsa, zafi ya tsarga mata har wuya, ta saki igiyar ta zauna a kan wani buhu.

"A ɗaki mai ɗumi ke nan fa," Armand ya ce a hankali. "Can cikin ƙanƙara ya fi haka taurin kai."

"Na san ƙanƙara, Armand. A cikinta aka haife ni." Ta murza kafaɗar. "Wannan ɗan tsakon fa?"

"Maɓalli kawai za ki danna. Sai dai kullum kafin rana ta faɗi ki kwance shi ki kai gida, in ruwa ya daskare a cikinsa ya fashe. Kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Rabin dajin zai ja. In kika ɗora masa duka, ba wanda zai ja, ki tashi a banza."

"Wane rabin?"

"Na kusa da bukka mana. Na ƙetaren rafi sun yi masa nisa."

Na ƙetaren rafi su ne manyan, tsofaffin, masu zaƙin ruwa. Can Rosaire yake fara hudawa kowace shekara, can suke cin abincin rana a kan kututture. Gervaise ta daɗe tana kallon jan injin. Sannan ta ɗauki ƙaramin da hannu ɗaya, ta jijjiga shi.

"Sa mini shi a kwali."

Washegari ta ja shi da batir a kan katakon jan kaya har bukka. Ta haɗa yadda Armand ya nuna mata. Daga nan ta ɗauki wuƙa ta nufi rafi, ƙafarta na nutsewa cikin dusar ƙanƙara, tana tsayawa tana hutawa. A bakin rafin ta sami ƙullin da Rosaire ya yi wa tiyon, irin nasa mai wuyar kwancewa. Ba ta tsaya kwancewa ba. Ta yanke, ta toshe ɓangarenta. Ruwan ƙetare ya riƙa zuba a kan dusar ƙanƙara.

Da ta dawo ta danna maɓallin. Famfon ya fara ƙara kamar ƙudan zuma. Can ruwan da ke cikin tiyo ya motsa, ya taho a hankali, kumfa na bin kumfa, ya faɗa tanki.

Ta zauna a bakin bukka ta kira maƙwabcin.

"Bolduc, ni ce. In kana son na ƙetaren rafi, zo yau da tankinka, zuba suke. Na nan gefen nawa ne, kada in ga ƙafarka."

"Haba Gervaise, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Ka zo kafin duhu."

Sannan ta kira Josée, ta miƙa wayar kusa da bakin tanki.

"Mama, ruwa ne wannan?"

"Ruwa ne. Bari in je in faskara itace, gobe akwai dahuwa."