Hannun Sha Bakwai

"Ba zan sauke ba, Yaya."

Auta ta faɗi haka ba ta ko ɗago kai daga teburin gyara ba. Yayanta na tsaye a ƙofar shago, mai sayen tsoffin ƙarafa na bayansa da buhu. Sati shida ke nan da rasuwar Baba. Yaya ya ce a kwashe tsoffin rediyoyin mota da suka cika kanta, domin ya jera sabbi masu allo, irin waɗanda ake shafawa da yatsa. Ya ce wa ke sauraren kaset yanzu, in ba fatalwa ba?

Guda arba'in da ɗaya ne, kowace da 'yar takarda ɗaure da zare, Baba ya rubuta mai ita da ranar da aka kawo ta. Wasu sun girmi Auta a shagon. Dokar Baba ita ce, abin da aka kawo gyara amana ne, ba a sayarwa ba a zubarwa, ko da mai shi ya yi shekara ashirin bai waiwayo ba.

Ba amanar kaɗai ta riƙe Auta ba. Tun tana ƙarama Baba kan buɗe murfin rediyo ya nuna mata wani ɗan hatimi a ciki, lambar wanda ya haɗa ta a masana'anta. Duk ya san su. Mai lamba huɗu gaggawa gare shi, in ji Baba, dalmarsa kamar kashin kaza. Amma Sha Bakwai, kowane ɗigon dalma tas, wayoyi a kwance kamar an yi musu kitso. Baba ya rantse hannun mace ne. In ya ci karo da aikinta sai ya gyara zama, ya ce yau muna da babbar baƙuwa. Saboda wannan matar da ba wanda ya san fuskarta Auta ta karanci lantarki har ta fito da difloma.

"To, Injiniya," in ji Yaya, "Sha Bakwai ɗin ce za ta ciyar da Umma?"

Ta ce masa ita dai ba da hannunta ba. Ya ce to da nasa. Sai ta tashi ta tsaya a gaban kantar, sukudireba a hannu, a gaban baƙon ta ce duk wanda bai iya riƙe ƙarfen dalma ba, ba shi da bakin magana a kan kayan Baba. Mai buhu ya sunkuyar da kai ya fice. Yaya ya daɗe yana kallonta. Gaskiya ne hannunsa na rawa tun yana yaro, shi ya sa Baba ya bar shi a wajen karɓar baƙi, kuma ba a taɓa faɗin haka a fili ba sai ran nan.

Bai yi faɗa ba. Washegari ya ɗebi kayansa ya kama shago a wata unguwa, masu motoci suka bi shi, don shi suka saba da shi. Umma ta yi ta kai da komo tsakaninsu. Ta ce Auta ta je ta ba shi haƙuri, kalma ɗaya ce. Auta ta ce a kan gaskiyarta take.

Ta zauna da rediyoyinta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta canza robar da ke juya kaset, ta goge kan da ke karanta shi da auduga, ta gwada kowace da kaset ɗin da Baba ke gwaji. Tara daga ciki aikin Sha Bakwai ne. Wata rana sai ta wuni ba wanda ya leƙo, sai mai neman a ɗaura masa wayar lasifika.

A shekara ta uku wani tsohon direba ya shigo yana dogara sanda, ya ce ya taɓa barin rediyo a nan. Ta sauko masa da ita, ta jona a batir. Sauti ya fito garau. Tsohon ya lumshe ido, yana murza mamurɗin a hankali, ya ce ai masu ƙera irin wannan sun tafi. Sannan ya miƙe. Motar ta daɗe da zama gwangwani, in ji shi, a ina zai sa ta? Ki riƙe kawai, 'yata.

Ta mayar da ita gurbinta, ta sake ɗaura takardar.

Ran nan da yamma maƙwabcinta mai faci ya yi mata barka, ya ce ashe matar Yaya ta sauka, an samu mace. Kwana huɗu ke nan. Auta ta ce masa ai ta sani, ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Har yanzu tana ganin da ta sauke kantar da ta ci amana. Amma maganar hannun ba ta cikin amanar, ita ta ƙara ta. Rediyo arba'in da ɗaya suna nan, duk suna aiki, ba mai nema. Yayanta guda ɗaya ne, kuma shekara uku ke nan bai kira ta Auta ba.