Hannun Tela

Na kama hannun Tela zan lanƙwasa in sa masa riga, ya ƙi. Ni kafinta ne, na san busasshen katako. Haka hannun yake. Jikinsa zafi kamar dutsen guga, gumi ya jiƙa matashi.

"Baba, a hankali," in ji 'yarsa.

"Ba ni ba ne. Shi ya ƙi saki."

Tun muna samari katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Yana ce min Tsuke Fuska, ina ce masa Ɓata Yadi. Hirarmu ke nan.

Bayan rasuwar matarsa ya fara amsa wa keken ɗinki magana. Aka kai shi asibiti, aka yi masa allurar masu taɓin hankali. Surutun ya tsaya. Shi ma ya tsaya.

Da 'yar ta fita neman mota, ya juyo da ido. Haƙoransa a datse, sai da na kai kunne.

"Irin... na Yaya. Gaya mata."

Na gane. Yayansa ma allura aka yi masa tun da daɗewa, ya sandare haka, ya tafi. Gidan suka ce ciwon shawara ne, don kar a yi da su. Ni na riƙe ƙafafunsa ranar.

A asibiti suka sa wa Tela ruwa, suka jera masa ƙanƙara. Bai kai yamma ba.

Da masu gaisuwa suka watse, na sami 'yar tana ninke yadudukan mutane da bai gama ba. Na faɗa mata saƙonsa, ban yi kwana-kwana ba.

Sai ta buɗe jaka ta fito da ƙwayoyi.

"Ni ma ba na barci, Baba. Ina jin Mama tana kirana. An ba ni wannan, ban fara sha ba."

"Koma wurin likita. Gaya masa duka."

"In ce me? Ko ganin Baffa ban taɓa yi ba."

"Ni na gani."

Da safe na sa rigata mai kyau na raka ta. Likita ya saurara, ya yi tambayoyi, ya karɓi ƙwayoyin. Ya ce abin kan bi jini, za a nemi wata hanya, a sa mata ido sosai. Sannan ya ce in jira a waje.

Na zauna a benci a baranda. Ƙafarsa ɗaya tana rawa, wanda ya haɗa shi bai iya aiki ba. Na juya in gaya wa Ɓata Yadi. Babu kowa a gefena.