Kayan Ɗakin Sa'adiyya

Tun Sa'adiyya tana firamare mahaifiyarta Mariyatu ta fara tara mata kayan ɗaki. Ita kaɗai ce ɗiyarta mace. Duk ribar da ta samu a sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai ta sayi kula ko faranti ko zanen gado ta ajiye. Kaya suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan sif, daga baya aka jingine sabuwar katifa da ledarta a jikin taga.

Sa'adiyya ta rasu ana dab da ta gama makarantar koyon ungozoma. Zazzaɓi ne, bai daɗe da kama ta ba.

'Yan gaisuwa suka watse, kaya suna nan. A karkace Mariyatu take shiga ɗakinta, in za ta yi salla sai ta ture kwali kafin ta shimfiɗa darduma. Duk inda ta kai ido, abin da ta saya wa yarinyar ne. Takan tashi da safe a gajiye kamar wadda ta wuni daka, kanta na sarawa. Sana'ar ma ta bari. Mijinta Malam Maccido ya taɓa cewa a rage kayan, ta juya fuska bango, bai sake tayar da zancen ba.

Maƙwabciyarta Kande, malamar asibiti ce, tun zuwansu unguwar Runjin Sambo suke zaman mutunci. Ita ke shigowa ta auna mata jini. Ran nan ta rasa wurin zama, ta ɗosana a bakin gado, ta ce, "Maman Sa'adiyya, ɗakin nan ba ya barin ki ki huta."

"In na hidda su, mi ya rage mini nata?" in ji Mariyatu.

Kande ta naɗe abin awonta.

Da damina ta yi nisa, wani wari ya fara tashi daga ƙarƙashin gado. Mariyatu ta jawo akwatin ƙarshe, ta tarar danshi ya shiga, gara ta cinye zannuwan gadon da Sa'adiyya ta zaɓa da kanta a kasuwa. Ta ɗaga ɗaya, ya zube a hannunta. Ta zauna cikin tarkacen ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Washegari ta aika aka kira Kande da Lailatu, ƙawar Sa'adiyya, marainiya da aka sa wa ranar aure. Ta ce ta ba Lailatu kayan. Lailatu ta ƙi karɓa, sai da Mariyatu ta ce in ta ƙi, gara ce za ta ci sauran. Suna fitar da kwalaye zuwa wani keke napep da ke jira a ƙofa, Mariyatu tana riƙe da wani faranti, ta ce a hankali, "Ko sau guda ba ta ci abinci a cikinsu ba."

Aka share ɗakin, aka wanke. Bayan azahar Mariyatu ta miƙe a kan tabarma, barci mai nauyi ya ɗauke ta, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Kiran sallar la'asar ya tashe ta. Jikinta sakayau, ta buɗe baki ta ce Sa'adiyya ta zuba mata ruwa a buta, sannan ta tuna.