Sunan da Madam Serwa Ta Rubuta a Allo

Mu matan da ke zuwa ajin Turanci na manya a unguwar Dichemso, a ƙasar Asante, kowace da abin da ya kai ta. Ni don masu sayen atamfa a kasuwar Adum su daina yi mini kallon 'yar ƙauye ne. Hamamatu kuwa, mai koko a bakin layinmu, jikokinta ne suka kai ta. Tun da ɗanta ya rasu uwarsu ta tafi da su Ingila, kuma Turanci kawai ke bakinsu. In sun kira ta a wayar bidiyo sai dai ta yi ta ɗaga musu hannu, ta ajiye ta yi kuka.

Malamarmu Madam Serwa, 'yar Asante ce, yarinya mai kirki amma ga gaggawa. Makonni muka yi a kan abu ɗaya: in an haɗa suna biyu da and, to are ake cewa, ba is ba. Mu dai kullum sai mun kwafsa. Hamamatu ce kaɗai ta riƙe shi, har tana gyara mu a hanyar gida, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar gwaji Madam ta ce wadda ta ci za ta wuce ajin da ake koyon hira, wadda ta faɗi ta koma cikin sababbi. Hamamatu ta raɗa mini cewa in aka mayar da ita baya, ta bar karatun ke nan, shekarunta ba za su jira ba.

Kowace aka kira, sai a rubuta mata jimla a allo, ta karanta da ƙarfi ta cike gurbi. Da aka zo kan Hamamatu, Madam ta rubuta Yusif and Alima, ta ja layi, ta ƙarasa da in the market.

Yusif sunan ɗan Hamamatu ne, na fari, shi ne marigayin. Mace irin Hamamatu ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce da muka gada. Tun yana goye "yaron nan" take ce masa, har aka kai shi makwancinsa.

Ta tsaya tana kallon allo.

"Maame, karanta mana," in ji Madam da Hausarta ta Zongo, Maame kuwa uwa ke nan a yarensu. "Jiya ka sani, yau ka manta?"

Madam ta duba agogo, ta ɗauki biro. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Na miƙe na ce, "Madam, ba mantuwa ba ce. Sunan ɗanta na fari ne, ba ta faɗa. Kuma ya rasu."

Yarinyar ta dafe ƙirji. "Ei! Maame, yi haƙuri, ban sani ba." Ta rarumi tsumma za ta goge.

"Bar shi, 'yata," in ji Hamamatu. "In yaran sun tambaye ni ubansu, yaron nan zan ce musu? Ba za su gane ba."

Ta gyara mayafi, ta karanta tun daga farko, a hankali, ta sa are ɗinta inda ya kamata. Ba wadda ta tafa. Madam ta ce ta ci, ta wuce ajin hira.

Hamamatu ta dawo ta zauna kusa da ni a benci. Can ta taɓo ni.

"Zuleha," ta ce, "ashe sunan ba nauyi a baki. Da na sani, da na kira shi ko sau ɗaya ya amsa."