Shaidar Fazilat

"Rubuta yadda na faɗa maka, Malam. Kada ka yi masa kwalliya."

Malam Riyasat ya ɗaga biro ya dubi maƙwabcin nasa. Hawaldar Mehrban, tsohon sajen soja, na kwance a gadon igiya a inuwar tsakar gida, ya rame har agogo na yawo a hannunsa.

"Ai akwai yadda ake faɗar irin wannan a takardar hukuma. Sai mu ce raunin ya shafi zaman iyali."

"Zaman iyali! Haka ka rubuta bara suka dawo mana da ita. Shekara nawa kana dukan 'ya'yan mutane a kan karatu, amma magana ɗaya ta gagare ka? Rubuta: tun ranar da nakiya ta tashi da ni, ni ba namiji ba ne a shimfiɗa."

Malam ya rubuta, gumi na tsattsafo masa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a wannan ƙauye na yankin garin Chakwal, inda da wuya ka shiga ɗaki ba ka ga hoton soja a bango ba. Wata huɗu da auren Mehrban aka kira shi bakin iyaka. Ya dawo da ɓarɓashin ƙarfe a ƙugu, yana ɗingishi. Likitocin soja suka rubuta masa fanshon rauni a kan ƙafa, domin ita kaɗai ya nuna musu. Sauran ya haɗiye. Shekara ta bi shekara babu haihuwa, sai gari ya yanke hukuncinsa: matarsa Fazilat juya ce. Ranar suna ba a miƙa mata jariri. In ta matsa kusa da amarya, wata tsohuwa ta samo aikin da za ta tura ta.

Shi kansa Malam haka ya ɗauka, sai bara da ƙodar Mehrban ta gaza, ya kira shi ya faɗa masa gaskiya. Suka nemi a ƙara wannan lalura a takardunsa. Ofishin fanshon soja ya amsa da cewa bai ambace ta ba lokacin da aka sallame shi, kuma babu shaida. Yanzu ƙara suke ɗaukakawa, lauyan tsofaffin sojoji kuwa ya ce sai an haɗa da shaidar matarsa.

Fazilat ta fito daga ɗakin girki da shayi kofi biyu. Ta ajiye, ta juya.

"Tsaya," in ji Mehrban. "Yatsa kawai za ki dangwala a ƙasa."

"Na gaya maka ba zan yi ba."

"Ƙanwata," Malam ya sa baki, "ba wanda zai gani sai mutanen ofis."

"Yaya Riyasat, ɗan Kausar ba a ofishin yake kai shayi ba? Kafin la'asar gari ya ɗauka." Kausar yayar Mehrban ce, kuma ita ta fi kowa yi mata gori.

"To gari ya ɗauka mana!" Mehrban ya yunƙura, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ke a zatonki kuɗinsu nake so? Me zan saya, likkafani mai ado? Hatimi nake so. Na faɗa wa Kausar da bakina a watan jiya, ta ce asiri kika yi mini. Amma in ta ga hatimin hukuma, ba ta da ta cewa."

Fazilat ta gyara mayafinta. "Shekara talatin da ɗaya ina jin abin da suke kira na. Ban mutu ba. Kai kuwa in ka shiga masallaci tashi ake yi a ba ka sahu. Ba zan zauna in ji ana yi da kai a shagon aski ba."

"Ai ba na nan a lokacin."

"Ni ina nan," ta ce, ta koma ɗakin girki. Suka daɗe suna jin ƙarar tukunyar da take kankarewa.

Mehrban ya rufe ido. "Ƙara layi ɗaya a ƙasa, Malam." Ya faɗa, Malam ya rubuta, ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Kwana tara bayan nan, ranar Alhamis da hantsi, Malam na yanka wa ɓaunar da yake kiwo ciyawa ya ji Fazilat ta kira shi ta kan katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya tarar ta riga ta rufe wa Mehrban ido ta ɗaure haɓarsa. Ruwan da take ɗiga masa da cokali na nan a ƙasan gado, rabin kwano.

Tsofaffin sojoji suka zo da sandunansu suka yi masa sahu. Ana dawowa daga maƙabarta, Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa, muryar Kausar na fitowa daga cikin mata.

"Allah sarki ƙanina! Ya tafi bai bar ko ɗa ɗaya da zai yi masa addu'a ba. Haƙurinsa ne ya cuce shi."

Hannun Malam ya kai aljihun da takardar take. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai idonsa ya haɗu da na Fazilat daga can jikin bango. Ta girgiza kai kaɗan. Ya koma wajen maza ya zauna.

Ranar uku, bayan azahar, ta shigo gidansa ta tsaya daga bakin ɗaki.

"Yaya, karanta mini. Duka."

Ya karanta, yana tuntuɓe a wuraren da ya san zai yi tuntuɓe. Ba ta sunkuyar da kai ba. Sai da ya zo layin ƙarshe: "Matata lafiyarta lau. Sau biyu na ba ta zaɓi ta tafi ta sami 'ya'yanta, ta ƙi. Ni kuwa na ji daɗin ƙin, kuma na bari aka zage ta a madadina. Ina roƙon a rubuta wannan."

Ta dafa ƙyauren ƙofa. "Sau uku ne," ta ce. "Ya manta."

Sai ta miƙo hannu. "Ina tawadar?"

Malam ya ɗauko, ya riƙe mata takardar a kan littafi, ta danna babban yatsanta a ƙasa.

"Gobe da sassafe zan kai ta ofishin a Chakwal."

"A'a." Ta zare takardar daga hannunsa, ta ninke ta huɗu, ta cusa a ƙirjinta. "Bai taɓa roƙona wani abu na hana shi ba sai wannan. To na yi masa. Amma ba mai karantawa."

Ya raka ta har bakin ƙofarta. Tsakar gidan cike yake da masu ta'aziyya, an jera kwanukan da maƙwabta suka aiko. Ta wuce ta tsakiyarsu ta zauna a ƙarshen tabarma. Wata ta miƙo mata kofin ruwa, ta karɓa da yatsu huɗu, babban yatsan mai tawada na naɗe a cikin tafin hannunta.