Alli a Bayan Yadi

Tun da 'yarsa ta bugo waya ta ce ranar Asabar za su sauka, Tela bai sake zama wuri guda ba. Jikarsa ce damuwar. Shekararta bakwai, a wata ƙasa aka haife ta, ba ta jin komai sai Turanci. Sau biyu ana miƙa mata waya su gaisa, sau biyu bakinsa na mutuwa har ta gaji ta ajiye. Ba ya son a yi na uku ido da ido.

Wata shida ke nan yana zuwa ajin manya na koyon Turanci. Kalmomi ɗai-ɗai ba su ba shi wuya, haɗa su ne aikin. Malamar ta ce a Turanci kalma ba ta fita ita kaɗai, kowace da ɗan rakiyarta: wannan sai da "to", waccan sai da "for". Tela ya ce ashe kowane maɓalli da raminsa.

Shi dai bai saba da littafi ba. Shekara arba'in, duk abin da yake gudun mantawa da alli yake rubuta shi a bayan yadi: faɗin kafaɗa, tsawon hannu. Jimloli biyar ɗin da ya tanadar wa yarinyar ma can ya zuba su, a bayan shuɗin yadin da ke shimfiɗe kan tebur. Ya karanta, ya leƙa titi, ya dawo ya sake karantawa.

Ranar Juma'a matarsa ta leƙo shagon.

"Malam, tun safe kake kai-kawo kamar kaza za ta yi ƙwai. Ina rigar jikar, amaryar taka? Ko Turancin za ta saka?"

Ya zabura ya ɗauki almakashi. Hannu ya san aikinsa, bai jira kai ba. Sai da ya gama kalmasa ya waiwaya zai yi bita, ya ga tebur wayam. Darasin nasa ya shige cikin riga. Ya tona ƙyallayen ƙasa, bai samu komai ba sai "for" guda a wani guntu.

Ya jawo reza.

"Ka farke ta, ni da kai ne," in ji matar, ta fizge rigar.

Asabar da hantsi mota ta tsaya. Yarinyar ta fito tana riƙe da gefen zanen uwarta, tana kallonsa. Ya buɗe baki. Babu ko ɗaya, duk biyar ɗin sun gudu. Ya miƙa mata rigar kawai.

Ta juya ta tana neman wuya, sai ta tsaya. A cikin hannun rigar akwai rubutun alli.

"I want to," ta karanta, ta ɗago kai. Ta bi ɗinkin da yatsa har ƙasa, ta samo wani. "Show you."

Ta jira.

"My machine!" Tela ya faɗa da ƙarfi, har direban ya waiwayo. Ya nuna keken ɗinkinsa a shago.

Ta saki zanen uwar, ta kama ɗan yatsansa ta ja.

"To, ga shi nan," in ji matarsa. "Saura huɗu, Malam. Ka duba aljihun rigar."