Lasifikar Kamfe da Kaset ɗin Sumayya

Ni mai wanki ne a asibitin koyarwa. Shekara tara ina wanke zannuwan gado da rigunan ɗakin tiyata, karatuna kuwa bai wuce aji shida na firamare ba. 'Yata Sumayya tana makarantar koyon aikin jinya, kuma a danginmu kaf ita ta fara taka wannan matsayi. Shi ya sa ranar da ta dawo ta ce ta faɗi jarrabawar gwaji, tuwo ya gagare ni. An ba ta dama ɗaya ta sake. In ta kuma faɗuwa, sallama ce.

Sauraron ƙirji ne ya kayar da ita. Akan sa musu sautin bugun zuciya a ce su faɗi mai lafiya da marar lafiya. Malamarsu ta ba su kaset su je su yi ta saurare, amma a 'yar rikodarmu muryar mai bayani kawai ke fita. Da an zo kan bugun sai ka ji kamar ana taɓa kwali a can bayan gida. Sumayya takan manna kunnenta a jikin rikodar har ya yi ja, ta tashi ba ta ƙaru da komai ba.

Ƙawarta Mercy, wadda ita ta ci jarrabawar, ta ce mahaifinta yana da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a ajiye. Mahaifin nata, Malam Ishaku, mutumin Kagoro ne, yana koyar da aikin lantarki a wata sakandare, gidansa na Tarauni. Mun san juna ta hanyar 'ya'yanmu, mukan gaisa da mutunci. Na je na same shi ran Laraba da yamma. Bai bari na gama roƙon ba ya shiga ya ɗauko ta, baƙa mai nauyi, ya goge ta da tsumma. Ya ce sifikunta ya kai wa cocin ƙauyensu tun Kirsimeti, don haka su ne zan nema.

Ya juya min bayanta ya nuna min wata lamba takwas, da alama a gefenta kamar munduwa buɗaɗɗiya. Ya ce duk sifikar da zan saya in duba bayanta in ga wannan takwas ɗin. Ya ce in nemi akwatin katako mai nauyi, mai faffaɗan faranti na takarda a ciki, domin bugun zuciya sauti ne mai kauri, ƙaramin faranti ba ya fitar da shi. Ya ce tsohuwa ba laifi ba ce in dai takardar ba ta yage ba. Ina ta gyaɗa kai ina cewa haka ne, haka ne, alhali rabin maganar ta bi ta bayan kunnena. Ya rubuta min a takarda, ya kuma ce in ina so ya raka ni kasuwa ran Asabar da safe.

Na ce a'a, kada ya wahalar da kansa. Gaskiyar magana, ba na son ya ga ɗan abin da ke aljihuna.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ke nan, an gama zaɓe ba da daɗewa ba. Wata da watanni motocin kamfe suna zagaya unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi da lasifika a ka, irin mai baki kamar kakaki, suna hana mu jin sallamar juna. Da aka gama, masu motocin suka kwance su suka zube a kasuwa. Ran Asabar a Sabon Gari na tarar da su jere a gaban shagon wani Ƙasimu, wasu har da ragowar fastar 'yan takara a manne.

Sai da na fara tambayar na katako. Ya nuna min sababbi masu ƙyalli, ya faɗi kuɗinsu, na yi kamar kalarsu ce ba ta yi min ba. Ya dube ni ya tambayi abin da zan yi da su. Na kasa cewa kaset ɗin karatun 'yata ne, sai na ce ina son abin da zai fito da sauti sosai, a ji komai. Ya ce ai in don a ji ne, babu kamar na kamfe. Ya jona ɗaya ya hura makirufo, har mai rake a tsallaken titi ya waiwayo.

Tun ina yaro abin da na sani game da lasifika ke nan: mai kyau ita ce wadda aka kira salla da ita a nan aka ji a Daurawa. Na ce a raina, abin da ya kai murya unguwa uku, bugun zuciya zai gagare shi? Takardar Malam Ishaku tana aljihun gaban rigata, na taɓa ta sau biyu, ban fito da ita ba. Na sayi biyu, har na rage canji, na ɗaure su a bayan keke ina jin kaina kamar wanda ya yi wa kasuwa wayo.

Da azahar ɗin ranar Sumayya ta tara ƙawayenta uku da suka faɗi tare, Mercy kuma ta zo don ta riƙa yi musu bayani. Matata Kulu ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya ta dama kunun aya. Da na shigo da kayan, Mercy ta kalle su ta kalli Sumayya, sannan ta juyo gare ni.

"Baba, waɗannan ne?"

Na ce su ne, ta bari ta ji aikinsu.

Na ɗora su a kan turmi da kujera 'yar tsugunno, na jona wayoyi, Sumayya ta danna kaset. Muryar mai bayani ta fashe a tsakar gidan har kaji suka watse, yaran maƙwabta suka hau katanga. Na gyara tsayuwa. Sai aka zo kan bugun. Abin da ya fito wani ƙas-ƙas ne siriri, kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani da cokali. Na farko da na biyu da na uku duk ɗaya, babu mai lafiya babu marar lafiya. Wata daga cikin 'yan matan ta sa mayafi ta toshe bakinta. Daga bayan katanga maƙwabcina ya ɗaga murya yana tambaya ko takarar kansila na fito, ai an makara.

Mercy ta ce a hankali irin wannan ba ta ɗaukar sauti mai kauri, gara a rage. Ni kuwa ban saurare ta ba. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, na murɗa na kusa da shi wanda ta ce shi ne na kauri. Lasifikar hagu ta yi wani gurnani, ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Wari kamar na ƙonannen gashi ya tashi daga bakinta.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake runtse ido. Na dubi baƙar na'urar na ce:

"Wannan amfilifayar ta tsufa. Da ma na san ba a ba da aron abin kirki. Ga shi ta ƙona min kaya."

Mercy ta tashi ta zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su a hannu yadda na ga ubanta yana yi. Ta ce, "To Baba, bari in mayar masa da ita kada ta ƙona ɗayar." Ta rungume ta a ƙirji ta fita, ko kunun ba ta sha ba. Sauran suka bi ta. Sumayya ta cire kaset ɗinta ta shige ɗaki. Jarrabawa ran Litinin ce.

Kulu ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta kwashe kofuna, ta naɗe tabarma, ta tambaye ni kawai ina takardar da mutumin ya ba ni. Na fito da ita, a ninke yadda ya ba ni.

Ran Lahadi na jira har na tabbata sun taso daga coci. Na sa lasifikun biyu a buhu na tuƙa keke zuwa Tarauni. Sau biyu ina wuce ƙofar gidan kafin na iya tsayawa. Matarsa Saratu ce ta amsa sallama, ta gaishe ni a taƙaice ta nuna min kujera a baranda. Malam Ishaku ya fito da rigar cocinsa bai ko cire ba. Na ce ina roƙon a kira min Mercy, domin a gabanta na yi maganar.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Na faɗi komai: ban nuna takardar ba, ban duba bayan lasifika ba, an ce in rage na ƙara, sannan na ɗora wa kayansa laifi. Ina magana ina kallon takalmina.

Malam Ishaku ya buɗe buhun ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Malam Inuwa, wace jam'iyya ce ta ba ka waɗannan?"

Na ce ba ta ci zaɓe ba. Ya yi dariya kaɗan, amma ba ta daɗe ba. Ya ce maganar ta yi masa zafi, ba zai ɓoye min ba, don amfilifayar nan da albashinsa na farko ya saye ta. Ya juya lasifikar da ba ta ƙone ba ya nuna min bayanta, lambar sha shida ce, ba takwas ba. Ya ce ko da lambar ta dace ma, wannan an yi ta ne don muryar mutum ta yi nisa, fatar cikinta ba ta fi bakin kofi ba, da na tura mata kauri sai ta ƙone. Wannan karon da ban gane ba na ce ya maimaita, ya kuwa maimaita.

Ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa Daurawa, wurin wani mai gyaran rediyo da ake kira Bello. A ƙarƙashin teburinsa akwai wasu tsofaffin akwatunan katako biyu, yadin fuskarsu ya yage, kusurwar ɗaya ta sha ruwa ta kumbura. Da ni kaɗai ne ko kallonsu ba zan yi ba. Malam Ishaku ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta, ya duba takwas ɗin a baya, ya danna farantin da yatsu a hankali yana sauraron ko zai goga. Sannan ya karɓi batirin tocila ya taɓa wayoyin a kai. Farantin ya motsa ya turo waje. Ya yi wa wayar alama da jan tef, ya yi wa ɗayar haka, ya ce in ɗaya tana turowa ɗaya tana ja, kaurin sai ya cinye kansa. Bello ya yarda ya karɓi lasifikar mai rai a bakin kuɗin akwatunan, akwai masallacin da ke nema, na cika masa da canjin da na yi ta murna da shi jiya.

A hanya na tambaya ko za mu biya a ɗauki amfilifayar. Malam Ishaku ya ce Saratu ta ce na'urar ba za ta sake fita daga gidan ba, shi kuma ba zai yi musu da ita a kan wannan ba. Sai dai Sumayya ta zo gidan nasa ta saurara.

Mercy ce ta je ta taho da ita. Da ta shigo ta gan ni a baranda ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda take gaishe da baƙo, ta wuce falo. Ni ban shiga ba. Ta taga na ji an danna kaset, mai bayani ya yi maganarsa a hankali, ba ihu. Sai bugun ya zo, dum-dum, dum-dum, mai nauyi, har ina jin sa a katakon kujerar da nake zaune. Aka wuce na biyu. A na uku na ji muryar Sumayya.

"Tsaya. Mayar baya. Akwai wani abu a tsakani, kamar iska."

Mercy ta ce shi ne, shi ne abin da take ta gaya mata. Suka mayar, suka sake mayarwa. Na kasa kunne iyakar iyawata, ni duk ɗaya nake jin su. Saratu ta kawo min ruwa ta ajiye ta koma ciki. Da aka kira la'asar na yi sallama na tura kekena, su ko sanin na tafi ba su yi ba.

Bayan sati biyu ina tsaye a bakin injin wanki, hannuna duk kumfa, aka ce ana sallama da ni. Mercy ce cikin farin kayanta. Ta ce an kafe sakamako, Sumayya ta haye. Na tambaya ina ita Sumayyar. Ta ce tun ɗazu ta hau acaɓa ta tafi gida ta gaya wa Inna.

Na ce madalla, Allah ya yi musu albarka, ta gaishe min da Malam. Saura awa huɗu in tashi aiki. Na koma na ci gaba da zuba zannuwa a inji.